Aksil mai ɗagawa a filat: a saka ko a bari?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum manya. Filat ce, wato tirela mai shimfiɗaɗɗen baya, mai ƙafa (aksil) uku a baya, tana jigila daga Tema zuwa Paga, yawanci fanko take dawowa. An ba ni shawarar saka mata aksil mai ɗagawa, wanda ake ɗage shi daga ƙasa in ba kaya, a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, don rage cin taya. Waɗanda suka taɓa aiki da shi, me kuka gani?

Masta na Suame:
Wa alaikumus salam ƙanena. Leƙa ƙarƙashinta tukuna. In sifirin ne, ƙafafun uku a sarƙe suke da juna, ba a ɗage ɗaya sai an mai da ita ta iska. Masu ɗaure aksil da sarƙa, shasi suke kashewa. In kuwa a kan balan-balan take, wato jakunkunan iska a madadin sifirin, da sauƙi: balan ɗin ɗagawa, mariƙinsa, bawul, da tiyo daga tankin tirela. Bawul ɗin ne ke sace iskar balan ɗin ɗaukar kaya ya cika na ɗagawa. Kamfanonin Wabco, Haldex da Knorr-Bremse duk suna yinsa. Kada mai walda ya taɓa jikin aksil, zafi na raunana ƙarfen.

Alhaji Mai Tirela:
Ni gargaɗina a kan sikeli ne. A ce tan 24 ke bisa ƙafafun baya, kowace tana ɗauke da 8. Direba ya manta ɗaya a sama, biyun sun koma 12 kowace ke nan. A sikelin Yapei ko na Bolga aksil ɗin da ya taka ƙasa ake aunawa, na rataye ba ya cikin lissafi. Ga tara, ga tayoyi sun ɗau zafi, ga boris ya ci wuya. Saboda haka a sayi bawul mai sauke ƙafar da kansa da ya ji nauyi. Na hannu ya fi araha, amma arahar ba ta ado.

Baba Direba:
Alhaji ya yi gaskiya. A kuma duba wacce za a ɗaga. In ta gaba ce, nauyi na ƙaruwa a kan tantebur, inda tirela ke haɗe da kan mota, tayoyin kan su ƙara kama ƙasa, abin da ake so a hawa ko taɓo. Sai dai tirelar na yanke kwana, dole ka buɗe sosai a shataletale. In ta baya ce, kwana na zuwa da sauƙi amma wutsiya na shara, mai babur da ya raɓe ka zai sha mamaki.

Masta na Suame:
Abin da ya fi kawo su gareji shi ne ruwa a tanki. Da damina laima na taruwa, ta bi tiyo ta shiga bawul, ƙafar ta maƙale tsakani, ba sama ba ƙasa. Taya na sharar kwalta, sai ka ga ta cinye gefe guda. A ja zoben da ke gindin tanki kowace safiya har ruwan ya ƙare, a kuma canja tulun busar da iska na kan mota a kan lokaci. In ana zargin yoyo, a cika iska, a kashe inji, a shafa ruwan sabulu a bakin kowane tiyo da naɗin balan. Inda kumfa ya tashi, nan ne.

Ɗan Aboabo:
Na gode Masta, na gode iyayena. Na leƙa, balan-balan ce. Ta gaban zan ɗaga, da bawul mai sauka da kansa. Masta, ranar Asabar kana gareji?