Muhawara: Shin Sakamakon NECO Ya Isa Shaidar Cewa Sakandaren Gwamnati a Birnin Kano Ta Farfaɗo?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna kafin zamanmu na gaba, domin ta shafi yadda za mu kashe gudummawar da muka tara wa makarantar unguwarmu. A watan Satumba na 2025 hukumar NECO ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, inda jihar Kano ta zo kan gaba da ɗalibai 68,159 da suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, Legas kuma ta biyo baya da 67,007. Wannan ya zo ne bayan dokar ta-ɓaci da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a kan ilimi a watan Yuni na 2024, da kuma ware wa ilimi wajen kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗin jiha. Ra'ayina shi ne sakandaren gwamnati a cikin birni ta farfaɗo, kuma lokaci ya yi da za mu daina yi mata kallon wurin da ake kai yaro don babu yadda za a yi. Wanda yake da ja, bismillah.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Yaya Sakatare, alkaluman da ka kawo gaskiya ne, amma ba su faɗi abin da kake so su faɗa ba. Abin da Kano ta fi kowa shi ne yawan waɗanda suka ci, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda ita ce ta fi kowa yawan waɗanda suka zauna jarrabawar, sun haura dubu 130. Idan ka raba, za ka ga kusan rabi ne suka tsallake, alhali a faɗin ƙasa waɗanda suka tsallake sun ɗan haura kashi 60 cikin 100. Ka ga kenan a gwargwadon ci muna ƙasa da matsakaicin ƙasa baki ɗaya. Sannan gwamnatin Legas kuɗin WAEC take biya wa ɗaliban makarantunta, mu kuwa a nan NECO ake biya, saboda haka ba dukkan 'ya'yansu ne suka shigo wannan fagen ba. A ƙara da cewa adadin ya haɗa har da 'yan makarantun kuɗi, ba a ware na gwamnati daban ba.

Akwai kuma lissafin shekaru. Yaron da ya rubuta NECO a tsakiyar 2025, a 2019 ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, shekarar da gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, ya kuma yi watanni a gida a 2020 saboda korona. Shekara biyar cikin shida na karatunsa sun wuce kafin a ayyana dokar ta-ɓaci. Wanda yake so ya auna dokar, sai ya jira waɗanda suka shiga aji ɗaya bayanta.

Sakataren Ƙungiya:
Malam, na ji lissafinka. Sai dai jihar da ta iya kai yara sama da dubu 130 ɗakin jarrabawa, rabinsu kuma suka fito da takardar da za su nemi jami'a da ita, ai ba a ce ba ta yi komai ba. Yawan ma nasara ce, musamman ga 'ya'ya mata waɗanda a da ba sa kaiwa aji shida.

Maman Ummi:
Ni dai ba ma'abuciyar alkaluma ba ce, amma 'yata tana aji biyar a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin gari, kuma abin da nake gani shi zan faɗa. Gyara an yi shi, wannan ba a musu: an sake rufin ajinsu, an kawo bencina, yanzu ba ta dawowa da hijabi duk ƙura saboda zaman ƙasa. Amma su sun haura ɗari a aji, kuma idan na buɗe littafinta na Kemistiri sai in ga shafi bayan shafi na rubutun da aka kwafa daga allo, babu jan biron malami ko sau ɗaya tun farkon zango. Ta iya zayyano maka yadda ake gwajin asid da baki tiryan-tiryan, amma ba ta taɓa riƙe kwalbar gwajin da hannunta ba, domin malamin ne yake yi a gaban aji, na gaba su gani, na baya su ji labari. Dole ta sa muke biyan kuɗin lesin da yamma, kuma idan gobe ta ci jarrabawa, ban san wa za a yaba wa ba tsakanin makarantar da mai lesin.

Sai dai kada a ɗauka ina kare makarantun kuɗi ne. Ɗan ƙanwata ya gama wata daga cikinsu da sakamako mai kyan gani, amma wasiƙar neman aiki ta gagare shi.

Malamin Lissafi:
Hajiya, batun jan biro ya taɓa ni, domin ni ma malami ne a makarantar gwamnati, kuma ba zan ce duk laifin na wasu ne ba. Amma a duba yadda abin yake. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. Malamin da yake da aji biyar, kowane aji da yara sama da ɗari, idan ya ba da jinga guda ɗaya littafi ɗari biyar ne ke jiransa, kuma ko minti biyu kacal ya ba kowane littafi, ya ci sa'o'i sama da goma sha shida. Darasin kansa minti 40 ne, kafin yara su natsu an ci goma. Shi ya sa da yawa suka koma ga kwafe rubutu a allo, domin ita ce kaɗai hanyar koyarwar da ba ta damu da yawan mutane ba.

Baba Firinsifal:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ina so in ja kunnen ɓangarori biyu, har da waɗanda ba su yi magana ba tukuna amma na san abin da ke ransu, wato masu cewa a da makarantar gwamnati ta fi haka nesa ba kusa ba. Gaskiya ne makarantar da ake kira Kwalejin Rumfa yanzu, wadda ta faro a 1927 a matsayin Midil ta Kano, ta yaye manyan mutane, ciki har da marigayi Sarkin Kano Ado Bayero. Amma yara nawa take ɗauka a lokacin? 'Yan ƙalilan ne ake tsamowa daga lardi guda, a ba su abinci da makwanci da littafi, sauran dubbai kuma ba wanda ya san da zamansu. Tun da aka buɗe ƙofa da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) a 1976, aka zo da dokar ilimin matakin farko kyauta kuma dole (UBE) a 2004, tambayar ta sauya: ba yadda za a koyar da zaɓaɓɓu ba, yadda za a koyar da kowa. Wanda yake kwatanta makarantar jeka-ka-dawo ta yau da Midil ta wancan zamani bai yi wa malaman yau adalci ba.

Shi kuma Sakatare, abin da zan ce masa shi ne ingancin makaranta ba a ranar fitar sakamako ake ganinsa ba. Lokacin da nake aiki, sufeto yakan shigo aji ba sanarwa, ya zauna a benci na baya har a tashi, ya karɓi littattafan yara uku ko huɗu ya duba ranar da aka yi musu maki na ƙarshe, sannan ya nemi tsarin darasin malami. Malami ya san za a zo, bai san yaushe ba. Sannan yaron da ya faɗi yakan maimaita aji. Yanzu kowa wucewa yake yi, domin na bayansa suna jiran bencin. Waɗannan abubuwa biyu, duba aiki da maimaita aji, ba sa bayyana a kasafin kuɗi, ba a kuma yanka musu kintinkiri.

Malamar Turanci:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya taɓo inda ciwon yake. Ni Turanci nake koyarwa, kuma a makon farko na kowace shekara nakan ba 'yan aji huɗu ɗan gajeren labari su karanta a bayyane, ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu karantawa sumul, akwai masu tuntuɓe, akwai kuma waɗanda sai su ƙura wa takardar ido su yi shiru, ba don kunya ba. Waɗannan sun yi shekara tara a makaranta. Da Turanci ake koyar da Fizis da Bayoloji da Tattalin Arziki, da shi ake yin tambayar jarrabawa, saboda haka yaron da bai iya karanta shi ba, duk darussan sun rufe masa ƙofa lokaci guda. Manhaja kuma ba ta ba ni damar komawa ga haɗa baƙi ba, tana so in koyar da rubuta muƙala da taƙaita bayani.

Akwai abu biyu kuma game da sakamakon da ba a cika son faɗa ba. Na farko shi ne jarrabawar kwalifayin, wato ta tantancewa da gwamnatin jiha take yi wa ɗalibai kafin NECO. Gwamnati tana biya wa waɗanda suka ci ta kuɗin NECO, wanda ya faɗi kuwa sai iyayensa su biya, idan babu hali ya haƙura. Ashe tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa an riga an tankaɗe, kuma waɗanda suka zube ba sa cikin kowane lissafi. Na biyu shi ne satar amsa, wadda hukumomin jarrabawar da kansu suke bayyana alkalumanta duk shekara, kuma duk wanda ke cikin wannan zauren ya san akwai iyayen da suke cire yaro a aji shida su kai shi inda za a taya shi rubutawa. Ba ina cewa duk wanda ya ci da taimako ya ci ba, akwai yaran da na san sun yi gumi. Amma takardar ba ta bambance su.

Injiniya:
To, idan haka ne, me ya hana a koma ga abin da aka gwada ya yi aiki? A 1977 jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka riƙa ɗaukar yara ta hanyar jarrabawa, aka ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma duk wanda ya leƙa asibitocinmu da ma'aikatunmu zai tarar da likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Ni a ganina a zaɓi wasu makarantu a cikin birni a yi musu haka, a taƙaita aji a kan 40, a ɗauki wanda ya cancanta kawai. Gara makaranta goma masu kyau da ɗari marasa amfani.

Malamar Turanci:
Injiniya, waɗanda ba a zaɓa ba fa, ina za su? Makarantun kimiyya suna da amfaninsu, amma su kan ɗauki yaron da ya riga ya iya karatu ne. Idan ka rage aji daga ɗari zuwa 40 ta hanyar jarrabawar shiga, sauran sittin ɗin makarantar maƙwabta za a tura su, ajin can ya ƙara cika. Kuma mun san 'ya'yan wa za su ci jarrabawar shigar: waɗanda suka yi firamaren kuɗi.

Injiniya:
Malama, ban ce a kori kowa ba. Amma yanzu ma masu ƙoƙarin ana danne su ne a cikin cunkoso, ba a amfani kowa ba.

Baba Firinsifal:
Wannan gardamar ta girme ku duka, kuma gwamnati ce take da ikon yanke ta, ba mu ba. Ku dawo kan abin da ke hannunmu.

Sakataren Ƙungiya:
Na gode, Baba. Har yanzu ina nan a kan cewa an sami ci gaba, domin rufi da benci da biyan kuɗin jarrabawa ba ƙananan abubuwa ba ne ga talakan da ke da 'ya'ya shida, kuma ba na so mu zama masu raina duk abin da aka yi. Dalilin da ya sa na kawo maganar tun farko shi ne wasu sun ba da shawarar mu yi wa makarantar fenti da sabuwar ƙofa da kuɗin da muka tara, tunda a ganinsu ɓangaren karatu ya daidaita. Yanzu ina so in ji shawarar malamai.

Malamin Lissafi:
Kafin a taɓa kuɗin, a nemi abu uku daga ofishin shugaban makaranta, kuma duk suna cikin rajista: yara nawa suka shiga aji huɗu shekara uku da suka wuce, nawa daga cikinsu suka ci kwalifayin, nawa kuma suka fito da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A tambaya kuma malaman Fizis da Kemistiri da lissafi nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan bautar ƙasa da za su tafi bayan shekara guda. Shawarata ita ce a ɗauki nauyin malamai biyu da za su riƙa koyar da karatu zalla ga 'yan aji huɗu bayan an tashi, a kuma sayi kayan gwaji da za su isa a raba yara rukuni-rukuni.

Maman Ummi:
Na goyi bayan haka, da sharaɗin a sa iyaye mata biyu a cikin waɗanda za su je, kuma darasin ya ƙare kafin la'asar, domin yawancin 'yan matan suna da Islamiyya da yamma, iyaye kuma ba za su yarda su kai magariba a hanya ba.

Sakataren Ƙungiya:
An rubuta. Baba zai jagoranci tawagar ranar Litinin idan Allah ya kai mu, tare da Malam da Hajiya da wadda za ta zaɓa. Batun fenti kuma zan bar shi a cikin ajanda, domin masu shawarar ba su janye ta ba.