Wai Mata Ne Masu Rauni?

Hadiza: Ni dai abin ya ishe ni. Kullum a taron sauyin yanayi ana ambaton mata, amma idan fari ko ambaliya ta zo, mace ce ke sayar da 'yar akuyarta, ita ce ke rage ci don yara su ƙoshi. Ku dubi Pakistan. Ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, kuma da yake tun 2008 akwai shirin Benazir mai sa kuɗi a hannun mata, ta nan aka tura wa gidaje rupi 25,000, sunaye suna nan a rajista. Ya kamata kowace ƙasa mai tasowa ta kafa irinsa tun kafin masifa ta auku, domin mata su ne masu rauni.

Hajiya Rabi: Masu rauni? Ƙanwata, janye wannan kalma. Wadda ke tafiya mai nisa neman ruwa da goyo a baya idan rijiyoyi sun ƙafe, ita ce mai rauni?

Malam Sani: Hajiya, ai ba zagi ba ne. Allah ne Ya halicce su haka.

Hadiza: Ba ƙarfin jiki nake nufi ba, Hajiya. Gona ba da sunanta ba, bashi ba a ba ta. A guguwar Bangladesh ta 1991 mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba.

Hajiya Rabi: To sai ki ce an danne su. Da "rauni" ɗin nan ƙungiyoyi ke cin kasuwa da hotunanmu.

Auwal: Ni tambayata, in an ba mace kuɗin, ina maigida? Haka ake raba aure.

Zainab: Kai Auwal, duk maganar da aka kawo sai ka kai ta aure! Wancan makon ma haka ka yi.

Auwal: Kin yi mini ƙage, Anti Zainab. Kawo shaida.

Malam Sani: A shirin tallafin gwamnatin Habasha tun 2005 aiki ake yi kafin a biya, ana gyaran ƙasa, ana dasa itatuwa. Amma mai ciki da mai shayarwa ana ɗauke musu aikin. Wannan ba amincewa da rauni ba ne?

Hajiya Rabi: Haihuwa ce rauni, Malam? Wa ya haife ka?

Malam Sani: Kar ki sako mahaifiyata, Hajiya.

Zainab: Ba ta zage ta ba. Kai ne ka fara.

Hadiza: Jama'a, maganar rajista fa nake yi.

Shugaban zaure, Alhaji Bala: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda mata na da rauni, kuma tallafi ya fi albarka idan ya bi ta hannun maigida, kamar yadda Auwal ya kawo. Hajiya kuma ta ba Malam haƙuri.

Hajiya Rabi: Kusan kowa? Ku uku ne, Alhaji. Ba zan ba da haƙuri ba.