Dokar mallakar bindiga: waɗanne alƙaluma ne abin dogaro?

Malamin Lakwal, Maradi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, gardama ɗaya ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu na cewa a bar manomi ya riƙe makami, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta nemi jama'arta su yi a 2022, wasu kuma na kafa hujja da Amurka cewa yawan bindiga shi ke kawo yawan kisa, kuma kowa da alƙalumansa. Ta yaya zan tantance na gaskiya?

Tsohon Jandarma:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara tambayar wanda ya yi ƙirgar da kuma abin da ya ƙirga, domin rajistar hukuma ba ta ɗauke da komai sai abin da aka kawo ƙara a kansa. Na ga iyalin da aka ɗauke musu magidanci cikin dare, suka sayar da shanun huɗa da geron rumbu suka biya kuɗin fansa a asirce, saboda tsoron kada maharan su ji an sanar da jami'an tsaro, kuma wannan ta'asa ba ta shiga kowace takarda ba. Haka nan idan aka ce bindigogin da aka kama sun ƙaru, mai yiwuwa makamai ne suka yawaita, mai yiwuwa kuma sintiri ne aka tsananta. Lissafin da ya haɗa bindigar toka ta mafarauci da Kalashnikov a wuri ɗaya kuwa, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ɗalibar Jami'a:
Baba ya yi gaskiya. Game da Amurka, cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula na riƙe da bindiga kimanin miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi, amma fiye da rabinsu kansu suka kashe, don haka wanda ya kira wannan adadi duka aikin miyagu ya ɓatar da mai sauraro. Sannan ba a gwada ƙasa da ƙasa sai an duba mutum nawa ne cikin kowane 100,000.

Ostareliya ma ana yawan ambatonta: bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a, mace-macen suka ragu. Sai dai sun fara raguwa tun kafin dokar, shi ya sa masana ke saɓani kan girman tasirinta, kuma ƙasa ce da ruwa ya kewaye, ba ta da iyaka irin ta Ɗan Isa da Jibiya.

Ɗan Tibiri:
Malam, a ganina ba doka muka rasa ba. Riƙe bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, tun 1994 muke da hukumar tattara haramtattun makamai, kuma a 2000 an ƙona makaman tawaye a Agadas. Amma bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka kwararo, kuma mai shigowa da su ta daji a kan babur ba ya neman takarda. Duk da haka ban goyi bayan raba wa ƙauyuka bindiga ba, domin mun ga yadda 'yan sa-kai a Zamfara suka riƙa hukunta Fulani makiyaya ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya ta biyo baya, har dubban mutane suka tsallako gudun hijira zuwa jiharmu a 2019.

Malamin Lakwal, Maradi:
Na gode muku duka. Baba, tunda mutane na tsoron kai ƙara, shin rajistar asibitoci ta masu raunin harsashi da bayanan masu gari ba za su cike giɓin ba?