Hitar ruwan wanka ta daina aiki, an ce in kawo jaka 35

Baban Haidar, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ina da hita mai lita 50, shekararta huɗu a banɗaki. Ranar Talata aka ɗauke ruwa tun safe, yara suka bar ta a kunne, tun daga nan fitilarta na kamawa amma ruwan sanyi ƙalau. Mai gyara ya zo, ko buɗe ta bai yi ba ya ce jaka 35 (CFA 35,000). Ba don kaina nake damuwa ba, Hajiyarmu ce. Ta haura saba'in, ga hunturu ya shigo, ba na son ta riƙa jiran gawayi ya kama kafin alwalar asuba. Wannan kuɗin daidai ne?

Mai gyara daga unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda bai buɗe ba bai san ciwon ba. Da farko a kashe wutar gidan gaba ɗaya, ruwa da lantarki ba a yi musu ganganci. A cire murfin ƙasa, jikin tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan, akwai ɗan maɓalli da ke faɗawa idan zafi ya yi yawa. Wani lokaci danna shi kawai ake yi, sai kuɗin ƙafa.

Amma yadda ka faɗa, na fi zargin ƙarfen da ke ɗumama ruwan, wanda muke cewa rezistans. Idan tankin ya zama fanko yana kunne, cikin mintoci yake ƙonewa. A gwada shi da na'urar awo a gabanka. Ni a watan jiya na canja mai wat 1500, kaya da aiki jaka 18. In an buɗe, a kankare farin dutsen da ya daskare a ciki, a duba sandar maganiziyam da ke hana tankin tsatsa. Ita mutane ke mantawa, har ta cinye.

Idan kuwa jikin tankin ne ke yoyo, kada ka kashe ko dala, sabuwa za ka saya.

Maman Nana:
Baban Haidar, ka karɓi tsohon ƙarfen a hannunka ka je kasuwa da shi. Mu an kawo mana wani daga Kano bakinsa bai yi daidai ba, muka yi asara. Kafin nan a dafa wa Hajiya ruwa da dare a zuba a fulas, yana kai asuba da zafinsa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Baban Haidar, Ali Ɗan Sofo:
Amin Hajiya, na gode. Malam, zarginka ya tabbata, ƙarfen ya ƙone har ya tsage, sandar kuma saura kamar ɗan yatsa. Duka biyun da aiki jaka 24 na biya. Awa ɗaya da rabi ruwan ya yi zafi. Na sa an ɗaga makunnin sama inda hannun yara ba ya kai.