Abin da aka tattauna kan ƙudajen da ake zargi da kashe barewa a Amurka

Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda cutar EHD (cuta mai sa barewa zubar jini a cikin jiki), wadda aka fara ganowa a jihar New Jersey a 1955, ba barewa ke shafa wa barewa ba. Wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo ne ke yaɗa ta, ana kiran su Culicoides, waɗanda ba su kai sauro girma ba.

2. A taɓon bakin kududdufi ƙudajen ke hayayyafa. Shi ya sa shekarar fari ta fi muni, kamar 2012: ruwa ya ja baya, taɓo ya yawaita, barewa suka taru wuri guda. Mafarauta sun ce a bakin ruwa suke tsintar mushen, kai da harshe a kumbure, don zazzaɓi ke kora su can. Wadda ta rayu, kofatonta kan tsage.

3. Ba ta kama mutum. Amma dai kar a ci naman barewa mai ciwo.

An rabu kan feshin maganin kashe ƙudajen. Masu kiwon barewa a killace na yi, wasu suka ce ɓarnar kuɗi ce, wa zai feshe daji? Ni ma nan na karkata, tunda sanyi mai daskarar da ruwa na sauka ƙudajen ke mutuwa.