Bes ya taru a tsakiyar zaure, gefe kuma ramuka

Assalamu alaikum, masu harkar sauti. Wata matsala ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

A babban zauren wasa muke kafa kaya, rabin sabufa (lasifikokin bes, wato sauti mai kauri) a dama da dandamali, rabi a hagu. A tsakiya bes kamar zai fasa maka ƙirji. Ka matsa gefe kaɗan ya ɓace, ka ƙara matsawa ya dawo. Dalilin na san shi: zangon sautin 50 Hz, wato tsawon igiyarsa, kusan mita 7 ne, to duk inda nisan ɓangarorin biyu zuwa kunne ya bambanta da mita 3 da rabi, sautukansu kashe juna suke yi. Ikwalaiza (na'urar daidaita sauti) ba ta gyara wannan, ƙara murya kuwa mutanen tsakiya kawai yake azabtarwa.

Na tattara sabufar a gaban dandamali, ramukan (wuraren da bes ke ɓacewa) sun ragu, amma 'yan layin gaba suka sha wuya, bes kuma ya koma kan mawaƙa yana shiga makirufo.

Jera sabufar a layi da sa wa na gefe dile (jinkirin fitar sauti) ya fi, ko rataye su sama? Wanda kuma ya taɓa juya wasu baya don rage sautin kan dandamali, don Allah yaya ya lissafa dilen?