Django: CSS ya ɓace bayan an kashe DEBUG

Ɗan Bukuru: Salamu alaikum malamai. Manhajar rajistar ɗalibai ce ta wata makaranta a Jos, an gina ta da Django (tsarin gina manhajar yanar gizo da yaren Python), tana kan sabar Ubuntu da Gunicorn (manhajar da ke gudanar da ita a sabar). Da aka mayar da DEBUG (saitin gwaji da gano kurakurai) zuwa False, sai shafuka suka fito tsirara, ba CSS (fayilolin adon shafi) ba hotuna. Ina matsalar take?

Injiniyan Wuse: Wa alaikumus salam. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. Django ba ya raba waɗannan fayiloli in DEBUG na kashe, Gunicorn kuwa ba aikinsa ba ne. Ka saita STATIC_ROOT (foldar da za a tara fayilolin), ka buga python manage.py collectstatic don ya tara su a can, sannan ka girka WhiteNoise, ƙarin manhajar da za ta riƙa raba su. Layinsa a jerin MIDDLEWARE na saitunan Django ya zauna daidai ƙarƙashin SecurityMiddleware, kar ka jefa shi ƙarshe.

Hajiyar Kubwa: Ƙanena, a kula fa, WhiteNoise bai dace da hotunan da ɗalibai ke ɗorawa ba. Waɗannan sai Nginx (sabar yanar gizo da ake sa wa a gaban Gunicorn), ka nuna masa MEDIA_ROOT, foldar da ake ajiye su. Kuma iyakar girman abin da Nginx ke karɓa ta asali 1MB ce, hoton waya ɗaya da ya wuce haka zai dawo maka da kuskuren 413. Ɗaga client_max_body_size zuwa 5M ya wadatar, in hotunan ba su wuce 5MB ba.

Injiniyan Wuse: Gaskiya ne Hajiya. Ɗan Bukuru, ka buga nginx -t don gwada saitin kafin ka sake kunna Nginx.